Laimar Kwaɗi a Akwatin Tana

Ku da kuke ta turo saƙo kuna tambayar me ya haɗa tsohuwa mai jikoki da zancen soyayya, duk na ji ku. Auta ta karanta min kaf, har da na wadda ta ce in koma gefe in ja carbi. Carbina yana wuyan hannuna, 'yar nan, kuma bai hana ni jin haushi ba. Ni ban taɓa zama a aji ba. Ni ke faɗa, autata ke bugawa da jaririnta a cinya, kuma na riga na gaya mata idan ta sassauta min kalma ɗaya zan ba wani ya karanta min, in gane.

Wanda yau ya fara leƙowa, ga ni a taƙaice. Maigidana ya daɗe da rasuwa. Yara sun girma sun watse, suka bar ni da ɗakuna uku da tsakar gida da wata kyanwa mai baƙin hali. Sana'ata kiwon tana. E, tana, jar tsutsar nan ta ƙasa mai damshi. A akwatunan katako nake ajiye su, bayan ɗakin girki, ƙarƙashin rumfar kwano inda rana ba ta kaiwa. Ina zuba musu ɓawon ayaba da na dankali, ganyen shayin da aka tace, kwalin da na jiƙa na yayyaga, da ɓawon ƙwai dakakke. Su cinye, su mayar min da baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Masu lambu da masu sayar da furanni har gida suke biyo ni. Da wannan nake ci nake sha, ban taɓa miƙa wa ɗana hannu ba.

Akwatunan kuwa Kafinta ne ya haɗa min su. Shagonsa yana bakin titinmu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu. Dogon mutum ne, da fensir a bayan kunne wanda nake zargin har barci da shi yake yi. Tun da ya kafa min akwatin farko, sai akwatin ya zama marar lafiya a idonsa. Bayan la'asar sai in ji sallama.

"Mai Taki, na zo duba murfin nan. Kamar ya karkace."

"Murfi lafiyarsa ƙalau. Jiya ma ka duba shi."

"Katako ne, ba ya zama wuri ɗaya. Kullum motsi yake."

"To kai ma motsa, ka tare min hanya."

Sai ya yi dariya, ya kifa bokiti ya zauna a kai, in kawo masa shayi. Wasu mazan turare suke kai wa mace, wasu atamfa. Nawa buhun sassaƙe da dusar katako yake saɓo min a kafaɗa, ya dire ya ce, "Ga shimfiɗar 'ya'yanki." Ku yi dariyarku. Ni na san abin da na ji a ƙirjina ranar da ya fara kawowa, bayan shekarun da na yi babu wanda ya taɓa tambayata ko me nake buƙata. A hankali muka kai ga maganar aure, irin ta manya, ba rawar kai. Ya ce zai je ya sami babban ɗana. Na ce ya dakata in lallaɓa shi tukuna.

Tun da na soma shimfiɗa wa tana sassaƙen nan, wani farin abu ya fara bin cikin takin, siriri kamar zare. Idan na ɗaga kwali sai in ga ya yi jijiya ko'ina. Wata safiya na buɗe murfi na tarar da laimar kwaɗi ta tsiro, ƙanana, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, sun jeru a lungun akwati kamar 'yan kallo. Ban tsorata ba. Malamar gonar da ta koya mana sana'ar ta faɗa mana tun farko: inda katako da damshi da duhu suka haɗu, funfuna za ta zo, kuma ita ke laushe wa tana abin da ya fi ƙarfin bakinta. Ba a ci, ba a bar yara su taɓa. A tsinke a tura ƙasa, shi ke nan. Da sassafe take miƙewa, rana na ɗagawa ta langwaɓe. Har na nuna wa Kafinta na ce, "Ga abin da tsarabarka ta haifa."

Ya leƙa, ya gyara fensirinsa ya ce, "Dama fure na kawo miki. A hanya ya makara."

To, sai ga ƙanwar marigayi. Yara suna ce mata Gwaggo. Ni a raina Rediyo nake ce mata, don ba a kashe ta sai dai batir ya ƙare. Tun da yayanta ya kwanta dama idonta yake kan gidan nan. Kullum zancenta ɗaya, in tattara in koma wurin ɗana, nata ɗan ya zo ya riƙe gidan kawunsa. Tanata kuwa, tun ranar da ta fara ganinsu ta toshe hanci da gefen mayafi. Na taɓa cika mata kwano da taki, kyauta, saboda tukwanen furen da take ji da su. Ta ja baya ta ce, "Matar Yaya, ni kashin tsutsa ba zai shiga gidana ba." Na mayar da abina. Duk da haka, da Auta ta haihu na je na tare a wurinta, Rediyo na bar wa makulli saboda kyanwa. Da na dawo na ga takin akwati ɗaya ya yi ƙasa, har da wani rami mai siffar kwano a tsakiya. Na ce ƙila lotsawa ya yi. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar da abin ya faru, da safe ta shigo, cikin koren leshi da mayafi mai duwatsu, wai ta zo gaishe ni. Ta same ni a rumfa, murfi a buɗe. Ta leƙa. Ta ja da baya, ta dafe ƙirji, ta zaro waya ta ɗauki hoto. Ko ruwa ba ta sha ba ta fita. Kafin azahar wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. A guruf ɗin dangi ne. Ni rubutu ba na gane shi, amma saƙon murya ina dannawa. Na danna.

"Salamu alaikum dangi. Ni dai kun san ba na son magana. Amma ku dubi hoton nan. Wannan abu ba ya tsirowa sai inda aka binne wani abu. Farin zare na gani da idona, a ƙuƙƙulle a ƙarƙashin ƙasa. Ku tambayi kanku me ya sa dattijo mai hankalinsa yake jigilar buhu zuwa gidan yayana kamar jaki. An ɗaure bawan Allah. Ni dai na sauke nauyi."

Asiri. Ni. Da furfurata.

Saƙon bai tsaya a dangi ba, ya fita ya bi titi. Mai furannin da ya fi kowa sayen takina ya aiko cewa nasa bai ƙare ba, alhali na san ya ƙare. Maƙwabciyata ta fizge hannun 'yarta daga ƙofata kamar ta ga wuta. Bokitin nan kuwa ya zauna a kife, la'asar ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, babu sallama. Daga baya saƙonsa ya shigo, muryarsa ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar zarto a bayansa.

"Mai Taki, babbar 'yata ta zo min da kuka. Ta rantsar da ni kada in ƙara shan ko ruwa daga hannunki. Ni ban yarda da zancen ba, Allah ya sani. Amma ki ɗan ba ni lokaci."

Na saurara har wayar ta yi zafi. Sannan na danna na ce masa, "Lokaci naka ne. Murfi kuma lafiyarsa ƙalau, kada ka wahalar da kanka." Auta, kada ki rubuta na yi kuka. Albasa nake yankawa.

Washegari babban ɗana ya zo. Akawu nake ce masa, don a ofis yake aiki, kullum da tabarau da takalmi mai sheƙi. Ya tsaya a bakin rumfa yana kallon inda zai taka.

"Inna, har a ofis an tura min."

"An tura maka. Ka tambaye ni?"

"Ba sai na tambaya ba, na san ba za ki yi ba. Amma mutane ba su sani ba. Ran Asabar zan turo mota a kwashe akwatunan nan a zubar, magana ta mutu. Ke kuma ki dawo wurina ki huta."

"Idan aka zubar, me unguwa za ta ce?"

Ya gyara tabarau, na ba shi amsar da kaina.

"Za ta ce ɗanta da kansa ya zo ya tone abin da ta binne. Da hannunka za ka sa hannu a kan ƙaryar."

"Inna, don Allah. Na riga na yi magana da direba."

Ya tafi ya bar ni da tanata. Na zauna a kan bokitin Kafinta, na buɗe murfi. Suna ta harkarsu, ba su san an yanke musu hukunci ba. Abincina ne, sunana ne, kuma mutumin da nake so ne, duk mota ɗaya za ta kwashe.

Yanzu ku ji amfanin rashin karatu. Ku masu boko idan an turo hoto, rubutun da ke ƙasa kuke karantawa ku wuce. Ni ba ni da abin karantawa, hoton nake zuba wa ido. Rediyo kuwa ba ta kwana ba ta turo hotonta ba. Ranar ma ta turo, da sabon ɗinki ruwan goro, ta tsaya a barandarta ta dafa ginshiƙi, tukwanen furenta a gefe, dangi suna ta tura mata 'yan zukata. Na kalli fuskar na yi tsaki. Sai idona ya sauka kan furannin. Furannin da na sani a ƙanjame, yau ganye kore shar, har da toho. Na sa yatsu biyu na buɗa hoton yadda jikata ta koya min. Na ƙara buɗawa. A gindin tukunyar da ke kusa da ƙafarta, ga wani ɗan rawaya ya leƙo, da 'yar laimarsa.

Sai ramin nan mai siffar kwano ya faɗo min.

Na yi dariya ni kaɗai har kyanwa ta gudu. Na kira Akawu na ce, "Na yarda a zauna. A kira Baffanku yayan ubanku, a gidan Gwaggonku za a yi tunda ita ce babba a mata. Amma da safe, kafin motarka ta zo, kafin rana ta ɗaga." Ya ce me ya sa sai da safe. Na ce ƙafata ba ta son zafi. Na sa Auta ta nemo lambar babbar 'yar Kafinta, na tura mata saƙo da bakina: "Ke kika yi kuka a kan ubanki. Ki zo ki ga abin da kika yi wa kuka."

Asabar na ciro shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, wadda ban taɓa sawa ba sai a sunan ɗan Auta. Na kafa ɗankwali ya miƙe. Na zuba turare. Amma silifas ɗin aikina na zura, kuma ban sa zobe ko awarwaro ba. Auta ta ce, "Inna, hannunki fa babu komai." Na ce, "Aiki zai yi."

Falon Rediyo kun san irinsa. Kafet mai laushi, kabad ɗin gilashi cike da kwanukan da ba a taɓa ci a ciki ba, labule har ƙasa, fanka tana juyi. Baffa, yayan marigayi, yana kan babbar kujera da sandarsa. Akawu a gefensa yana duba agogo. 'Yar Kafinta ta zo, ta zauna can bakin ƙofa, jakarta a cinya, gaisuwarta ma da ƙyar. Mijin Rediyo ya leƙo ya gaisa ya koma ɗaki, dama bawan Allah ya daɗe da sallama wa duniya baki. Ita kuwa uwar gayya ta sha leshi fari tas, tana raba lemo kamar ranar biki.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri da juna, zumunci ya fi komai. Na bar shi ya gama.

"Baffan yara, tambaya ɗaya gare ni. Gwaggo, abin da kika faɗa a waya, kina nan a kansa?"

"Ina nan. Abin da na gani na faɗa."

"Wato laimar nan ba ta tsirowa sai inda aka binne asiri."

"Haka ne."

"A ko'ina? Ko a gidana kaɗai?"

Ta gyara mayafi ta kalli mutane. "A ko'ina, Matar Yaya. Duk gidan da aka ga wannan abu, matar gidan ta san abin da ta binne."

"Baffa, ka ji. Akawu, ka ji. 'Yar nan ta bakin ƙofa, kin ji."

Na miƙe. "Zafi nake ji. A nuna min furannin nan da ake ta yabo a waya, in sha iska."

Ta ɗauka na sare ne ina neman hanyar fita. Ita da kanta ta shige gaba tana taku, suka biyo mu. Na nufi tukunyar da na gani a hoto kai tsaye. Na duba gindinta.

Babu komai. An share ƙasar tas, an cire ciyawa, har an jera ƙananan duwatsu a kai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ɗauka shi ke nan, ta gama da ni. Na ji ƙarar fankar falo kamar a cikin kaina. Na hango motar Akawu a ƙofata, ƙarti suna jan akwatunana a ƙasa.

"Surukata ce ta gyara min su jiya," in ji Rediyo tana murmushi. "Ni ina son tsabta, kin sani."

Sai na tuna akwatina. Sau nawa na tsinke laimar nan, gari ya waye ta dawo? Abin da ke sama ado ne, mai gidan yana ƙasa. Kuma ba ta son rana. Na juya na bar tukwanen gaba, na 'yan hoto. Na bi bango har lungun famfo, inda inuwa take kwana, inda aka tura manyan tukwane masu faɗin ganye. Suruka mai sharar ganin ido ba ta kaiwa nan, ita kuma uwar gida ba ta sunkuyawa, a tsaye take ba su ruwa da tiyo. Na durƙusa da atamfata a kan jiƙaƙƙen siminti. Na ɗaga ganye.

Ga su nan. Rawaya, a miƙe, sun buɗe laimarsu, sun fi na akwatina ƙiba.

"Baffa, matso da sandarka. Akawu, gyara tabarau."

Na naɗe hannun riga, na luma hannuna cikin tukunyar har wuyan hannu, na damƙo na ɗaga sama. Baƙin taki, farin zare ya bi shi ko'ina, ɓawon ƙwai dakakke irin dakan turmina, ɗan guntun sassaƙe. A tsakiya kuma jajayen tana suna mutsu-mutsu a tafina.

Na ce, "Sannunku 'ya'yana. Ashe nan aka kawo ku aikatau."

Na juyo na fuskanci Rediyo.

"Gwaggon yara, da bakinki kika yanke hukunci, yanzu zaɓi ɗaya. Ko dai ke ma kin binne wa wani namiji, sai ki faɗa mana ko wane ne, tunda naki mijin yana ɗaki da ransa. Ko kuwa takina kika sata lokacin da na bar miki makulli ki ba kyanwa abinci."

Bakinta ya buɗe ya rufe. Karon farko a rayuwata na ga batir ya ƙare.

"Ai... ba sata ba ce. Kaɗan na ɗiba. Furen ne ya fara bushewa."

"Kashin tsutsa fa? Wanda ba zai shiga gidanki ba?"

Baffa ya kama tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Daga cikin ɗaki muka ji mijinta ya ce, "Dama na ce mata ta roƙa." Auta ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, jaririn yana tsalle a bayanta.

Baffa ya share ido ya ce, "To, ki ba matar yayanki haƙuri, a rufe maganar nan."

Na ce, "A'a, Baffa. Haƙurin baranda ba ya min amfani. A waya aka ɓata ni, a waya za a wanke ni. Ta ɗauki hoton tukunyarta yadda ta ɗauki akwatina, ta faɗa da muryarta, a guruf ɗin da ta fara."

Ta kalli Akawu tana neman ceto. Ɗana ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, "Gwaggo, ga wayarki can a kan kujera. Ko in ɗauko miki?"

Ta ɗauki hoton, ni kuma na miƙa nawa hannun cikin hoton da tanar a kai don kada a ce ba a gani ba. Ta danna ta fara magana can cikin maƙogwaro, kamar mai ciwon haƙori.

Na ce, "Ƙara murya, Rediyo, ba a ji."

Sunan ya kuɓuce min a gaban kowa. Ban mayar da shi ba.

Ta goge ta sake. Ta ce abin da ta faɗa a kan matar yayanta ba gaskiya ba ne, laimar kwaɗi ce kawai da ke fitowa a taki, ga ta ma a gidanta, kuma takin ita ta ɗebo ba da izini ba. Na sa ta ƙara da cewa babu wanda aka ɗaure, dattijo da ƙafarsa yake zuwa. Tana turawa wayoyin kowa suka yi ƙara a lokaci guda. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba.

Na mayar da tanar cikin tukunya, na rufe su da ƙasa. Na ce mata, "Na bar miki su. Ki riƙa ba su ɓawon ayaba, kada su mutu a hannunki a ce ni na yi musu baki."

Akawu ya kunna famfo da kansa, ya zuba min ruwa na wanke hannu, ya miƙo min hankicinsa.

"Inna, maganar motar nan..."

"Ta zo. Akwai buhunan taki da za ta kai wa mai furanni. Yanzu zai tuna nasa ya ƙare."

Ya sunkuyar da kai, ya rage murya. "Zancen Kafinta kuma, da gaske ne?"

"Yau ka iya tambaya. Da gaske ne."

Ya daɗe yana kallon takalminsa, da laka a bakinsa, bai goge ba. "To ya zo ya same ni."

Na waiwaya in ga 'yar Kafinta. Tana tsaye tun ɗazu, ta ƙura wa tukunyar ido, sannan ta ƙura wa hannuna. Ba ta yi dariyar da aka yi ba. Ta rataya jaka ta fita.

Bayan la'asar ina rumfa, na canza kaya, ina yayyaga kwali, sai na ji ana turo kurar ɗaukar kaya a ƙofar gida. Sai sallamar Kafinta. Na bar shi ya maimaita kafin na amsa. Na fito na tsaya a bakin ƙofa, na riƙe ƙugu.

"Lokacin ya ƙare kenan?"

"Mai Taki, na yi laifi."

"Ka yi. Da ka ce ba ka yarda ba, da ƙafarka ya kamata ka faɗa, ba da waya ba. Sai da Rediyo ta wanke ni ka gane hanya?"

"Ban ji saƙonta ba sai ɗazu. Wannan kuwa tun ranar da kika ce kada in wahalar da kaina nake aikinsa. Taɓa ki ji, fentin ma ya bushe."

Ya yaye buhun da ya rufe kurar. Akwatin tana ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Hawa biyu, da ƙafafu, da ƙananan ramukan iska a jere kamar ɗinki, murfin an goge shi har yana ɗaukar ido. Na taɓa. Fentin ya bushe ƙayau. Na ɗaga murfin na sake shi, ya zauna daram, babu karkata. Na kalli akwatin, na kalli ƙofata.

"Kai da kake kwana da fensir a kunne, awo ya kuɓuce maka. Wannan ba zai shiga ƙofar nan ba."

"Na sani."

"To?"

"Da ƙofar gidana na auna."

Maƙwabciyar nan mai fizge 'ya tana leƙe ta taga, na gan ta sarai. Na gyara ɗankwalina don ta ƙara gani da kyau.

Na ce, "'Ya'yana ba sa son rana. Sai na ga inuwar gidan da idona kafin in ce komai."

"Gobe da safe ki zo ki gani." Ya sosa bayan kunne, fensirin ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. "Sai dai babbar 'yata ta wuce gidana da jakarta daga gidan Gwaggo. Ta ce ita za ta buɗe miki ƙofa, kuma tana da magana."

"Wace iri?"

"Ba ta faɗa min ba."

Na sunkuya na ɗauki fensirin, na soke shi a ɗankwalina. Na ce masa ya gaya mata ta dafa shayi, ni ba na tsoron shan abu daga hannun mutane. Auta, ajiye wayar nan ki goge min shuɗiyar atamfar, laka ta taɓa gwiwar.